2.4 Rayuwar Masu Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya Kafin Zuwan Kayan Awo da Allura na Zamani

Ciwon sukari nau'i na ɗaya shi ne wanda jiki yake daina samar da sinadarin insulin, wato sinadarin da yake shigar da sukari daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Galibi yakan kama yara da matasa. Alamominsa su ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama, sannan akan lura kiyashi suna taruwa a inda mai ciwon ya yi fitsari. Kafin 1921, lokacin da Banting da Best suka gano insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, wanda ciwon ya kama ba ya daɗewa a duniya. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa ɗan'adam allurar.

Samuwar maganin ba ta kawo ƙarshen wahala ba, musamman ga mazauna karkara irin su Gezawa da Jogana, waɗanda manyan asibitoci irin su Asibitin Murtala suke musu nisa a cikin birnin Kano. Matsala ta farko ita ce awo. A wancan zamani fitsari ake aunawa da ruwan Benedict. Akan ɗiga ɗigo 8 na fitsari a cikin mililita 5 na ruwan, a tafasa. Idan ya tsaya shuɗi babu sukari, idan kuwa ya koma kore ko rawaya ko ja, to sukarin ya hau gwargwadon launin. Illar wannan awo ita ce, sukari ba ya bayyana a fitsari sai ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita ta jini. Saboda haka awon ba ya nuna faɗuwar sukari, wadda takan jawo gumi da karkarwa da suma, har wanda bai sani ba ya ɗauka farfaɗiya ce ko iskoki.

Matsala ta biyu ita ce allura. Sirinjin gilashi ake amfani da shi, kuma tilas a tafasa shi kafin a sake amfani da shi, tsinin kuma akan wasa shi idan ya dakushe. Shi kansa insulin ɗin daga jikin shanu da aladu ake tatso shi, abin da yake da nauyi a zuciyar Musulmi, sai a 1982 aka fara sayar da irin na ɗan'adam wanda aka haɗa a masana'anta. Bugu da ƙari, zafi yana rage ƙarfin maganin, don haka inda babu firji dabarar ita ce a ajiye kwalbar a cikin sanyin tulu ko randa.

Matsala ta uku ita ce abinci. Tuwo da fura da koko duk daga hatsi suke, suna kuma ɗaga sukari. Manomin da ya yi allura ya tafi gona bai karya ba kuwa, aikin fartanya yana iya kayar da sukarinsa nesa da gida.

A taƙaice, mai ciwon yana rayuwa ne bisa kintace. Wannan ne ya sa yaɗuwar na'urar awon jini ta gida daga wajajen 1980, da fitowar allura mai siffar alƙalami a 1985, suka zama babban sauyi.