Coney Island: Wurin wasan da talaka ya shaƙi iskar teku da senti biyar

In kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da bidiyon wani ƙaton lilo mai kama da tayar keke a bakin teku ba, mutane na ta ihu a cikinsa. Sau da yawa Coney Island ne kake gani, a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka. Sai dai abin da ke cikin bidiyon nan ragowa ce kawai.

A nan aka buɗe ɗaya daga cikin jiragen wasa masu hawa da gangara na farko a Amurka, a 1884. Gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, kai da kekenka ma za ka wuce shi, amma mutane layi suke yi su biya senti 5. Daga nan manyan wuraren wasa uku suka taso: Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, Dreamland a 1904. Luna Park da dare fitilu dubbai ne ke haska shi, a lokacin da gidaje da yawa ba su ma san lantarki ba. Gobara ta cinye Dreamland a 1911, ta kuma ci Luna Park a 1944.

Abin da ya mai da wurin na kowa shi ne jirgin ƙasan birni. Da ya iso a 1920, lebura da ɗan ci-rani da senti 5 kacal sai ga su a bakin teku da iyalinsu, abin da a da sai mai hali.

Amma fa akwai labarin da zai sa ka yi shiru. Daga 1903 har zuwa 1943, wani mutum mai suna Martin Couney yana nuna jarirai bakwaini a cikin kwalba, a tsakiyar wurin wasa. Kai ɗan kallo ka biya kuɗin shiga, ka leƙa su. Ka ce rashin imani ne? To, a zamanin asibitoci da yawa ba su da kwalbar ma, kuma iyayen jariran ko sisi ba sa biya. Kuɗin 'yan kallo ne ke biyan ma'aikatan jinya, jarirai dubbai kuma suka rayu. Ni dai har yanzu zuciyata rabe take a kan wannan lamari. Wanda ba shi da uzuri kam shi ne yadda aka kwaso 'yan ƙabilar Igorot daga Filifin a 1905 ana nuna su kamar dabbobi.

Yau in Allah ya kai ka, lilon nan Wonder Wheel na 1920 yana nan yana juyi, tsayinsa kusan mita 46. Wasu ɗakunansa ba a kafe suke ba, zamewa suke yi da kai a sama, cikinka ya ɗuri ruwa. Kusa da shi akwai Cyclone na 1927, jirgin da layinsa na katako ne, yana sulmiyo da kai daga mita 26 da gudun kusan kilomita 96 a awa. Ƙarar katakon kaɗai ta isa ta sa ka fara salati. In za ka hau, ka sa wayarka a aljihu.