Annobar Koriya da Ba Ta Ƙara Yawan Gawa Ba

A shekarar 2011 likitocin Koriya ta Kudu sun gano sankarar tayirod a jikin mutum sama da 40,000. Tayirod shi ne ɗan naman nan da ke gaban wuya, ƙasan zakaran wuya, wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Idan aka auna da yawan jama'a, adadin ya ninka na 1993 har sau 15, kuma cutar ta zarce kowace sankara yawa a ƙasar. Amma masu mutuwa da ita suna nan yadda suke, tsakanin 300 da 400 a shekara. Wace irin annoba ce wannan?

An fara zargin tiririn nukiliya, tunda bayan hatsarin Chernobyl na 1986 cutar ta yawaita a yaran Belarus da Yukren. To amma a Koriya manya ta fi kamawa, galibi mata, kuma hatsarin Fukushima na Japan bai auku ba sai 2011, lokacin da tuni alkaluman sun yi sama. Wasu suka ce ciyawar teku ce mai yawan sinadarin aidin. Ita kuwa tun kaka da kakanni suke miya da ita. Saura a ce ƙwarewar likitoci ce ta hana mutuwa ƙaruwa, sai dai da wuya a ce magani ya inganta daidai wa daida da ninkin cuta sau 15, har adadin mamata ya ƙi motsi.

Bakin zaren yana 1999. A shekarar gwamnati ta fara gwajin sankara ga jama'a kyauta ko da rahusa, na mama da bakin mahaifa da tumbi da sauransu. Babu tayirod a ciki. Sai asibitoci suka riƙa tayin ƙarin hoton wuya a kan dala 30 zuwa 50: a kwantar da kai, a shafa ruwan mai sanyi, a ɗora na'urar sikanin, minti kaɗan an gama. Wani mai bincike, Hyeong Sik Ahn, da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa yankin da aka fi yin hoton nan, nan aka fi samun cutar, kuma kusan duk ƙarin nau'i guda ne, wato papillary.

Me ya sa duk inda aka duba sai a samu? Amsar tana Finland tun 1985. Can aka yayyanka tayirod na gawa 101, mutanen da wasu cututtuka dabam suka kashe, aka sami wannan sankarar ɓoye a wuyan kusan kashi 36 cikin ɗari. Sun rayu da ita, sun mutu ba su san da zamanta ba.

Wadda ta fi saurin kisa daban take. Nau'in anaplastic bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, yana kama tsofaffi, ya toshe hanyar numfashi ko ya bazu zuwa huhu, kuma rabin masu shi ba sa wuce wata shida. Gudunsa ya fi ƙarfin gwajin shekara-shekara, wannan na cikin abin da ya sa hoton bai rage mutuwa ba.

A ganina ɓarnar tana ɗakin tiyata. A wancan lokacin, kusan duk wanda aka gano masa ƙurjin sankarar sai an yi masa aiki, akasari a cire tayirod ɗin gaba ɗaya, ya koma shan ƙwaya kullum har ƙarshen rai. Cikin majinyata fiye da 15,000 da aka bi diddigi, kashi 11 sun sami matsalar sinadarin kalsiyam a jini, kashi 2 jijiyar muryarsu ta shanye. Alhali tun 1993 wani asibiti mai suna Kuma da ke Kobe a Japan ya fara barin ƙananan ƙuraje ana sa musu ido kawai, kuma mafi yawansu ba su girma ba.

A watan Maris na 2014 likitocin Koriya takwas suka fito fili suka nemi a daina yi wa masu lafiya hoton wuya. Cikin shekara guda tiyatar tayirod ta ragu da kusan kashi 35.