Shirin Ko-ta-kwana a Harabar Jami'a

Harabar jami'a tamkar ƙaramin gari ce. Dubban ɗalibai na kwana a cikinta, ga gidajen malamai, ga ɗakunan gwaje-gwaje cike da sinadarai da tukwanen gas. Shirin ko-ta-kwana shi ne tsarin da hukumar makaranta ke yi tun bala'i bai sauka ba: wa zai yi shela, ta wace hanya, ina jama'a za su nufa, wa zai ƙirga su.

Ana fara aikin ne da sanin haɗurran da suka fi kusa, kuma a arewacin Najeriya kowane lokaci da nasa. Hunturu na gobara ne, musamman a ɗakunan kwanan ɗalibai, inda ake jona hita da rishon lantarki a soket ɗaya, an sa wa tagogi ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofar baya kuma a garƙame da kwaɗo. Bazara ta sanƙarau ce, cunkoso na ƙara rura shi. Damina kuwa ta ambaliya ce. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, har ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsada. Garin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya daga madatsar a 1994, wato haɗari ne da aka san da zamansa shekara 30.

Amma ƙashin bayan shirin shi ne isar da gargaɗi a kan kari, kuma nan ne aka fi samun tangarɗa. Ranar 16 ga Afrilu, 2007, a jami'ar Virginia Tech da ke Amurka, wani ɗalibi ya harbe mutum biyu a ɗakin kwanan ɗalibai da sassafe. Sai da aka shafe fiye da awa biyu kafin hukumar makarantar ta aika wa ɗalibai saƙon imel. A wannan tsakani jama'a sun fito sun cika azuzuwa, jim kaɗan bayan saƙon kuma maharin ya ci gaba da kisa a wani ginin. Mutum 32 ne suka mutu a hannunsa. A 2008 aka gyara dokar ƙasar, aka wajabta wa jami'o'i sanar da jama'arsu nan take idan haɗari ya tabbata, da gwada tsarin gaggawarsu duk shekara.

Jinkiri irin wannan yakan zo ne daga jiran izini. Mai gadi ya ga hayaƙi, ya kira shugabansa, shi ma ya nemi na gaba, wuta kuwa tana ci. Don haka tsari mai kyau yakan ba ƙaramin ma'aikacin da ke bakin aiki ikon kaɗa jiniya ba tare da ya jira kowa ba. Hanyar sanarwa ma ba a dogara da guda ɗaya. Saƙon waya na iya maƙalewa idan sabis ya ɗauke, shi ya sa ake haɗawa da lasifika, da rediyon jami'a, da shugabannin ɗalibai na kowane ɗakin kwana.

Sai atisaye. Takardar da ke ajiye a ofishin magatakarda ba ta nuna wa sabon ɗalibi hanyar fita cikin duhu. A wurin atisaye ake gano tukunyar kashe gobara da ta daɗe da lalacewa, da ɗalibi mai keken guragu da aka ba ɗaki a saman bene, da rajistar da ba ta san 'yan raɓe da ke kwana a ɗakunan abokansu ba. Ana gayyatar 'yan kwana-kwana da hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, domin su san ƙofofi da titunan makarantar tun ana zaune lafiya. Ɗaliban da ke haya a unguwannin bayan katanga su ne aka fi mantawa da su, alhali ba masu gadin jami'a a inda suke, saboda haka shirin kan tanadi lambobin wayarsu da na masu unguwanninsu.