Kafin Ki Zuba Jarinki a Duwatsun Ado, Ki San Abin da Kike Saya

Cikin sana'o'in da ake koyarwa a darasin EED, haɗa duwatsun ado, wato bid kamar yadda muka fi kiransa a makaranta, yana cikin waɗanda suka fi jan 'yan mata, kuma dalilin a fili yake. Ba ya neman shago, ba ya jiran wutar NEPA. A bakin katifarki ta hostel za ki zauna bayan lakca ki haɗa abin hannu uku kafin isha'i, ki ɗora hoto a WhatsApp, gobe a zo a karɓa. Sai dai abin da aka fi koyarwa a aji shi ne aikin hannun: yadda za ki zura, ki juya, ki ƙulle. Zaɓen dutsen kansa ke ake bar wa, alhali a nan kuɗin yake shiga, a nan kuma yake nutsewa. Wadda ta tsakuro jari daga kuɗin abincinta na wata ba ta da rarar yin gwaji sau biyu. Ga shi hostel ƙaramin gari ne. Sarƙa ɗaya ta koɗe a wuyan kwastoma, kafin sati ya zagayo duk bulok ya ji sunan wadda ta haɗa ta.

Maza ma kada ku buɗe shafi na gaba tukuna, masu haɗa carbi da abin hannu na samari duk maganar ta shafe ku.

Tambayar farko da za ki yi wa kowane dutse ita ce: launin nan a cikin jikinsa yake, ko a bayansa aka shafa? Kusan duk ƙorafin “ya koɗe” daga nan yake fitowa. Gilashin da aka narka da launinsa, ko za ki fasa shi gida biyu, cikinsa da wajensa kala ɗaya ne, kuma zai shekara goma bai sauya ba. Amma akwai farin gilashi ko roba da aka yi wa fenti, ko aka fesa wa ruwan gwal, ko aka zuba wa launi a cikin hudar kawai. Waɗannan su suka fi ɗaukar ido a tebur, su ne kuma suke fara ba da kunya. Ki duba bakin hudar da kyau, domin a nan fenti yake fara ɓarewa. Ki kankare ƙwaya ɗaya da farce. In kina da abin goge jan farce, ki ɗiga a auduga ki murza. Audugar ta ɗauki launi, to rini ne.

Dalilin da ya sa wannan ya fi damunmu a nan shi ne irin wahalar da kayan ado suke sha a jikinmu. Abin hannu yana shan ruwan alwala sau biyar a rana, ga wanki, ga wanke-wanke. Sarƙa tana kwanciya daidai inda ake shafa humra da fesa turare, kuma mai da sinadarin turare suna cin fenti. Jigida kuwa ta fi kowa shan wuya: tana manne da fata dare da rana, cikin gumin watan Afrilu, da ita ake wanka, zani yana gogar ta. Saboda haka dutsen da zai yi lafiya a 'yan kunnen da za a sa ranar dina a cire, in kika kai shi ƙugu ba zai yi wata guda ba. A ganina, jigida da abin hannu na kullum ba su da abokin tafiya sai gilashi mai launi a jiki. Masu ruwan gwal da masu walƙiyar bakan gizo a bar su wa kayan biki.

Roba, wadda ake kira akirilik, ba abin rainawa ba ce in an san wurinta. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, shi ya sa jakunkunan bid da ake yayi duk da ita ake yin su. Ki yi jaka da gilashi, mai ita za ta ɗauka kamar ta ɗauko dutsen niƙa. Manyan 'yan kunne ma roba ta fi, don kada su ja fatar kunne, balle ga mai ɗaura ɗankwali ko sa hijabi a kai. Gane ta ba wuya. Ki ɗora a kumatu: gilashi da dutse sanyi za ki ji, roba kuwa ɗumi. Ki kaɗa 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, gilashi yana ƙara ƙyal-ƙyal, roba sai wani sauti marar rai. Sau da yawa kuma za ki ga siririn layi ya zagaye ta, sawun inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Aibinta shi ne tana karcewa da wuri, sheƙinta ya dushe.

Sai ƙananan nan masu kamar tsabar gero, waɗanda 'yan kasuwa ke kira san bid. Su ne ƙashin bayan sana'ar, kuma a kansu ne sabuwar hannu ta fi ruɗewa. A fakitin kamfanonin waje za ki ga lamba kamar 6/0, 8/0, 11/0. Lambar tana hawa, dutsen yana ƙanƙancewa: 6/0 kusan milimita 4 ne, 8/0 kusan 3, 11/0 kusan 2. Wasu masu shago kuma da milimita suke faɗa kai tsaye, don haka ki tambaya wanne ake nufi kafin a auna miki. Mafi daidaito a duniya su ne na Japan, na kamfanonin Miyuki da Toho, sai na ƙasar Cek irin na Preciosa. Waɗanda suka cika kasuwanninmu yawanci na Sin ne da Indiya, masu sauƙin kuɗi, amma a cikin cokali ɗaya za ki samu mai ƙiba, da siriri, da wanda hudarsa ta toshe.

A nan ne wasu za su ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma ba a ko'ina ba. In jerawa kawai za ki yi a zare ɗaya, kamar jigida, ɗan bambancin girma ba ya ɓata komai, wani lokacin ma ƙara mata kyau yake, kuma sayen na Japan don wannan aikin ɓarnar jari ce. Inda araha take cutarwa shi ne saƙa, wadda kowace ƙwaya take jingina da 'yar uwarta. Guda ɗaya ta fi sauran kauri, duk layin ya karkace, ki kwance ki sake. In na araha za ki yi saƙa da shi, ki zube a faranti ki tsince shi kamar shinkafa tukuna, kuma ki sa abin da kika zubar cikin lissafin kuɗin kayan.

Kiristal, mai gefe-gefen nan da ke walƙiya, gilashi ne da aka yanka aka goge. Sunan da kowa ya sani a kansa shi ne Swarovski, kamfanin ƙasar Ostiriya da aka kafa a 1895. To a 2021 kamfanin ya janye daga sayar wa masu ƙananan sana'a duwatsu tsiraru. Don haka in wani ya miƙo miki layi a farashin kwanon abinci ya ce Swarovski ne, ki yi murmushi kawai. Mafi yawan kiristal da muke samu daga Sin yake, ba kuma laifi ba ne, yana yin kyau ƙwarai. Abin dubawa shi ne ko yankan ya daidaita, ko bakin hudar ya ɓantare. Bakin hudar kiristal kaifi gare shi, yana cin zare a hankali har wata rana sarƙa ta watse a tsakiyar taro. Maganinsa ki sa 'yar ƙaramar san bid a kowane gefe, ko ki yi amfani da siririyar wayar nan mai rufin roba.

Maganar murjani da lu'ulu'u

Nan ne ake yawan cin amana, wani lokaci ba da niyya ba. Murjani na gaske daga teku yake, ƙashin wata halitta ce, kuma ja mai daraja daga Bahar Rum aka san shi. Shi ne adon sarautar Binin, wanda 'yan Fotugal suka riƙa kawowa ta teku. Tsadarsa ta wuce jarin ɗaliba nesa. Abin da ake kira murjani a kasuwa, wanda amare ke yin ado da shi, galibi ko gilashi ne, ko roba, ko wani farin murjani mai araha da aka rina ja. Lu'ulu'u ma haka: ƙwallon gilashi ne ko roba da aka yi wa rufi mai sheƙi. Ki goga shi a hankali a gefen haƙorinki. Na gaske yana ɗan kartawa kamar yashi, na kwaikwayo santsi zalla. Na cikin gilashi ya fi na roba nauyi da daɗewa, amma duka biyun rufin yana ɓarewa.

Babu laifi a yi aiki da na kwaikwayo, kusan kowa da shi yake yi. Laifin shi ne ki maimaita wa kwastoma sunan da mai shago ya faɗa miki ba tare da kin tantance ba. Ki ce “kalar murjani ce, gilashi ne.” Mai saye ta san abin da ta biya, ba za ta dawo da rigima ba. In kuma Allah ya kawo wata hajiya da murjaninta na gado ta ce ki sake jera mata, ki sani shi da lu'ulu'u na gaske suna da laushi fiye da gilashi, kuma tsami yana cin su. Kada ki jera su gefen kiristal, kada ki wanke da lemon tsami, ki yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da ta kusa da ita.

Dutse na ainihi, irin aƙiƙ da dangin tsakiyar da kakanninmu suke sawa, ya fi gilashi tauri, ba ya karcewa da sauƙi, kuma samari sun fi son sa a abin hannu. Cinikinsa tsohon abu ne a wajenmu: jan dutsen lantana, fataken Hausa ne suke kawo ɗanyensa daga yankin da yake Jamhuriyar Nijar a yau, a fere shi a huda a Ilori. Alamar dutse na gaske ita ce ba za ki samu ƙwaya biyu masu zane iri ɗaya sak ba. Kika ga ƙananan kumfa a ciki, gilashi ne. Shuɗi mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙarfi kuwa yawanci rini ne, ko da dutsen kansa na gaske ne.

Abin da nake ganin 'yan makaranta sun yi wa sakaci shi ne na gida. A Bida, unguwar Masaga, har yau ana narka fasassun kwalabe a naɗe su a sandar ƙarfe a fitar da duwatsu da ƙarau, kuma a 2021 UNESCO ta sa garin cikin biranen da ta karrama kan sana'ar hannu. 'Yan uwanmu na Poli ta Tarayya da ke Bida a bakin ƙofarsu abin yake. Launinsa na kwalbar ne, don haka babu zancen koɗewa. A Gana kuma mutanen Krobo daka gilashi suke yi ya zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya, wuta ta cinye karan ta bar huda. Babbar kasuwarsu tana ci ranar Alhamis a Koforidua. Irin waɗannan ba su da daidaiton na inji, suna da nauyi, hudarsu tana da faɗi da kaushi, sai an wanke an kuma sa zare mai kauri. Amma guda uku kacal a tsakiyar sarƙa sun isa su bambanta kayanki da na sauran mutum goma da suka sayi fakiti iri ɗaya a shago ɗaya. Mai zuwa Kano ta leƙa Kasuwar Kurmi, ana samun irinsu.

Lissafi kafin ki shiga kasuwa

Ki auna da milimita, kada ki yi da ido. Abin hannun mace yawanci santimita 17 zuwa 18 ne, wato ƙwaya 22 ko 23 in dutsen milimita 8 ne, kusan 30 in na 6 ne. Layin da ake sayarwa yakan kai santimita 38 zuwa 40, ƙwaya 47 zuwa 50 na milimita 8, ke nan abin hannu biyu da ɗan saura. Mai haɗa carbi mai 99 ya lura: layi biyu sau da yawa ba sa cikawa, ya ƙirga a gaban mai shago. Kuma a sayi duk abin da aiki yake bukata rana ɗaya, domin fakitin da za ki dawo nema sati mai zuwa yana iya zuwa da kala ta ɗan sha bamban, sai a rana za ki gani.

Ki tafi da guntun zaren da za ki yi aikin da shi a jaka. Zaren roba mai talewa na milimita 0.8 ba ya shiga 11/0, kuma saƙa tana bukatar zare ya ratsa ƙwaya ɗaya sau biyu ko uku. Ki gwada a wurin, ki kuma fito da dutsen bakin ƙofa ki gan shi a hasken rana, don fitilar shago tana ƙara wa kaya kyau. Ƙugiya da ƙananan ƙarafa su ma kada ki ɗauki mafi araha ido rufe: masu sinadarin nikel suna sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma ƙarfen ne yake fara yin baƙi tun dutsen yana sabo. Odar kayan jarirai kuwa gara ki haƙura da ita, ƙwaya ɗaya ta tsinke ta shiga baki ko hanci, magana ta wuce ta ciniki.

Sabon dutsen da ba ki taɓa aiki da shi ba, ki sayi layi ɗaya tak. Ki jera 'yan ƙwayoyi ki ɗaura a hannunki kwana bakwai, ki yi alwala da wanki da su, ki shafa musu humra, sauran kuma ki ajiye a leda. Ranar ta takwas ki ɗora su gefe da gefe a kan farar takarda ki duba, sannan ki yanke shawarar ko za ki koma ki sayi dozin.