Daga Yamai zuwa Jidda: Tafiyar shekaru ta koma ta awa biyar da rabi

Duk maniyyacin da ya fito daga Kiyeshe, kusa da Dogon Dutsi a ƙasar Arewa, tambayar da yakan fara yi wa tsofaffin alhazai ita ce, shin awa nawa ake yi a sama kafin a sauka ƙasa mai tsarki?

Tsakanin Yamai da Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 4,000. Jirgin fasinja kuwa yana cin kusan kilomita 850 a awa guda. Idan aka haɗa da tashi da sauka, wanda ya bar filin jirgin Diori Hamani zai taka filin Sarki Abdul'aziz bayan kimanin awa biyar da rabi, matuƙar jirgin bai yada zango ba.

Abin mamaki, daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ta Doso bai kai kilomita 300 ba, amma motar haya kan kwashe awa huɗu ko fiye. Wato maniyyaci zai daɗe a mota kusan yadda zai daɗe a jirgi.

Agogo ma kan rikita mutane, domin Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen ƙarfe 3 da rabi a agogon gida, alhali a Jidda 5 da rabi ce ta asuba. Haka nan lokacin kan ƙaru idan hanya ta toshe. A shekarar 2023, yaƙi ya sa an rufe sararin samaniyar Sudan, dole jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka yi zagaye.

Wannan lissafi ya shafi ibada kai tsaye. Mai sauka a Jidda da nufin wucewa Makka zai iya ƙetare miƙati yana sama, don haka malamai ke shawartar ya yi wanka ya shirya haraminsa tun a Yamai. Wanda aka fara kaiwa Madina kuwa, sai ya tashi tafiya Makka zai ɗaura nasa a Zul-Hulaifa. Ya kamata kowa ya tambayi masu shirya tafiyarsa inda jirginsa zai sauka.

Kakanninmu da ƙafa da jaki suka yi wannan tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna tsayawa noma da ƙwadago don neman guzuri. Wasu sun shekara bakwai kafin su dawo, wasu sun zauna a Sudan, inda jikokinsu ke jin Hausa har gobe. Saboda haka duk wanda ƙafarsa ta yi tsami a kujerar jirgi, sai ya tuna da su ya yi musu addu'a. Allah Ya ba mu Hajji karɓaɓɓiya, amin.