Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Zaɓen Sanda da Zaren Fatsa

Mu da muka tashi a bakin gulbi mun saba da fatsa irin tamu, watau gora, da zare, da ƙugiya, da tana a bakinta. Amma a Ingila da Amurka akwai wata irin fatsa dabam. Su ba su sa koto mai rai. Sukan ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya kai cafka.

To, ga inda wuyar take. Wannan ƙwaron ƙarya ba shi da wani nauyi. In mun jefa gashin kaza, ina zai kai? Saboda haka zaren ne akan yi da kauri da nauyi, shi ne kuwa yake ɗaukar ƙugiya ya kai ta inda kifi yake.

A shekara ta 1961 masu yin kayan fatsa a Amurka suka daidaita ma'auni. Akan auna nauyin ƙafa 30 na farkon zaren, a ba shi lamba. Lamba 5 wajen giram 9 ne, lamba 8 kusan giram 14, lamba 12 kuwa kusan giram 25. Kowace sanda an rubuta lambarta kusa da mariƙi, domin a haɗa ta da zaren da ya dace da ita.

Sanda lamba 5, mai tsawon ƙafa 9, ta isa kamun ƙananan kifaye a rafi ran da gari ya yi tsit. Amma da iska ta taso, sai ta ture zaren, ya faɗo a gaban mai shi a cukurkuɗe. Zare lamba 8 ya fi nauyi, don haka yakan keta iska, ya kuma ɗauki babbar ƙugiya.

Girman kifi shi ma abin dubawa ne. A kogin Faro na ƙasar Kamaru, baƙi sukan zo yin wannan fatsa. Sukan ɗauki sanda wajen lamba 9 domin tsage, lamba 12 kuwa domin giwan ruwa. Wanda ya tari irin wannan kifi da sanda marar ƙarfi, ko ta karye, ko a daɗe ana ja-in-ja har kifin ya galabaita. Da yawa cikin masu wannan fatsa sukan mai da kifi ruwa bayan sun kama, kifin da ya jigata ƙwarai kuwa ba lalle ya rayu ba.

Kada mu ce ashe babbar sanda ita ce magani. Takan gajiyar da hannu tun rana ba ta yi tsaka ba, zarenta kuma yakan bugi ruwa ya kori ƙananan kifaye.

Akwai kuma hatsari. Iskar da ke busowa daga wajen hannun jifa takan koro ƙugiya zuwa kunne ko ido. Shi ya sa gwanaye ba su rabuwa da tabarau da malafa, sukan kuma sāke tsayuwa domin iska ta kau da zaren daga jikinsu.

Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, bari ya fara tambayar kansa: wane kifi nake nema, wace irin iska ce kuma take a wurin?