Akuya da Jan Amalanke: Abin da Bidiyon Waya Ba Ya Nunawa

A zamanin da Benjamin Harrison yake shugabancin Amurka, tsakanin 1889 da 1893, jikokinsa suna da wani bunsuru da ake ɗaura wa ɗan keken yara, yana zagayawa da su a farfajiyar fadar White House. Wata rana bunsurun nan ya ga ƙofa a buɗe, sai ya ƙwace ya auna titi da yara a bayansa. Shugaban ƙasa da kansa ya rufa masa baya a guje, hannu ɗaya dafe da hula, ɗaya riƙe da sanda. Amurkawa har yau suna ba da labarin don raha, amma duk mai ɗa ya san ba dariya aka yi ba a lokacin da abin yake faruwa.

Sa awaki jan keke tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Turawa. Kafin Harrison, ɗan Abraham Lincoln mai suna Tad ya taɓa ɗaure awakinsa a jikin kujera, suka ja shi har cikin zauren baƙi na fadar. A garuruwan baƙin teku na Ingila irin su Brighton, da filin shaƙatawa na Central Park a birnin New York, iyaye kan biya 'yan kuɗi a zaga da 'ya'yansu a keken akuya tun a ƙarni na 19. Da aka gano zinariya a yankin Klondike na Kanada a 1896, dubban mutane suka yi tururuwa zuwa can, kuma hotunan wancan lokaci sun nuna jerin awaki suna jan kaya a kan ƙanƙara, bisa wani irin keke mara taya da ke sulɓi a kan katako biyu. Ba ƙaramar wahala dabbobi suka sha a tafiyar ba. A wata mashiga da ake kira White Pass dawaki kusan 3,000 suka mutu. Daga baya kuma aka yi wani mutum, Ches McCartney, wanda tun daga shekarun 1930 ya riƙa yawo a titunan Amurka da amalanke da garken awaki suna jansa, har ya zama abin kallo. Ya mutu a jihar Jojiya a 1998.

Yau abin ya koma na sha'awa. A Birtaniya akwai ƙungiyar masu wannan harka, Harness Goat Society, tun 1986, a Amurka kuma ƙungiyoyin yara manoma na 4-H suna koyar da shi, har da gasa a wuraren baje kolin amfanin gona. Daga can ne bidiyo yake fitowa ya shigo wayoyinmu ta TikTok da Facebook: ƙaton bunsuru fes da shi, ana ta kaɗa masa ragama, yana jan mace da ɗanta a kan hanya mai santsi. Yaro ya gani, ya waiwaya ya ga akuyar babarsa ɗaure a turke, ga igiya, ga tsohon baro a jingine. Daga nan ɓarna take farawa, domin bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna shekara biyu ko uku da aka yi ana shiri.

A fara da dabbar kanta. Abin da Turawan nan suke sa wa keke ba akuya ba ce irin wadda muka saba gani. Galibi taure ne, wato bunsurun da aka dandaƙe, daga manyan jinsin awakin madara na Turai kamar Alpine da Saanen da Toggenburg, ko mai jinin Boer na Afirka ta Kudu. Irin waɗannan sukan kai kilo 80 zuwa 100, tsayinsu ya kawo wa babban mutum ƙugu. Taure suke zaɓa saboda ya fi bunsuru natsuwa, ba ya wari, hankalinsa ba ya tashi in ya hango mace, kuma ba shi da ciki ko hantsar da kayan ɗamara za su goga. Jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, wadda duniya ta san ta da kyan fata da yawan haihuwa, in ta ƙoshi sosai ba ta cika wuce kilo 25 zuwa 35 ba.

Sai lissafi. Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi cewa taure lafiyayye da ya gama girma, wanda aka horar, zai iya jan kamar ninki ɗaya da rabi na nauyin jikinsa, in an matsa ninki biyu, a keke mai taya, a kan hanya shimfiɗaɗɗiya, kuma nauyin keken kansa yana cikin lissafin. Ke nan taure mai kilo 90 zai ja kilo 135 ba tare da ya galabaita ba. Akuya mai kilo 30 kuwa iyakarta kilo 45 zuwa 60. Cire nauyin keken, a ce kilo 20, me ya rage? Jarka ɗaya ta ruwa mai lita 25. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne, ya riga ya wuce ƙa'ida. Kurar 'yan ga-ruwa mai jarka goma kuwa ruwanta kawai kilo 250 ne, ba a ma zo kan ƙarfen ba. Wanda ya ce zai rage kuɗin ruwa da akuyar gida, ƙarshenta ya kira mahauci kafin lokaci, bunsuru ya je barbara ya dawo da ciki.

Kuma lissafin nan na taya ne. Abin da ke sulɓi a kan ƙanƙara ba ya sulɓi a kan yashi. Daskararriyar ƙanƙara santsi gare ta, shi ya sa dabba take jan kaya a kanta da ɗan ƙarfi kaɗan. Ka ɗauki faifan katako ko gutsuren kwano ka ɗora kaya a ja shi a rairayi ko burji, ƙasa ce take riƙe shi, ƙarfin da ake bukata ya ninka na mai taya sau da yawa. Haka hawa tudu. Gangare ma ya fi haɗari, domin keke mara birki yakan biyo dabba ya doke ta a ƙafafun baya, ta firgita ta zabura.

Babban laifin da ake yi, kuma wanda ya fi kashewa da sauri, shi ne ɗaura igiyar ja a wuya. Maƙogwaron akuya a gaban wuya yake, ba wani nama mai kauri da ya kare shi. Tana ja igiya tana shaƙe ta, ita kuma in ta ji shaƙa sai ta ƙara fizga. Za ka ji ta fara tari, harshe ya fito, ido ya firfito, sai ta durƙushe. Ɗaurawa a ƙaho ma ba ta fi ba. Ƙaho ba busasshen itace ba ne, akwai ƙashi da jijiyoyin jini a cikinsa, in ya karye daga tushe jini yake kamar an yanka, raunin kuma yakan buɗe har cikin kogon goshi, ƙuda su samu wurin zuba tsutsa. Karkiyar shanu ma ba ta akuya ba ce, ba ta da tozo ko kaurin wuyan da za ta tokare ta da shi.

Akuya da ƙirji take ja. Kayan da ake sa mata ɗamara ce mai faɗi, kamar yatsu uku, da aka yi wa shimfiɗa mai laushi, wadda ke zama a ƙirji ƙasa da maƙogwaro, sama da inda ƙafafun gaba suke motsi. Daga ita ne igiyoyi biyu suke miƙewa zuwa jikin keken. Akwai majayi da ke zagaye ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, shi yake riƙe hannuwan keken kada su faɗi, sannan wata ɗamarar da ke zagaye cinyoyi ta baya, ita ce birki a gangare. Wannan ta ƙarshen ita mutane suka fi mantawa da ita. A ka kuwa ragama ake sawa, yawancin masu horarwa ba sa amfani da linzami, bakin akuya ƙarami ne, ba ta ma da haƙoran gaba na sama. In keken mai taya biyu ne, a daidaita kaya a kan tayoyin. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an yi lodi, ka ɗaga hannuwan keken da hannunka. In ka ji sun danne ka, to gadon bayan dabbar za su danne, in kuma suna neman tashi sama, majayi zai riƙa ɗaga ta ta ciki. Kada kuma a bar yaro ya hau bayanta, ko da wasa. Ƙashin bayan akuya ba na hawa ba ne.

Horon kansa ba wani sirri a ciki sai haƙuri. Tun taure yana ɗan ƙarami ake saba masa da hannu, a shafa shi, a ɗaga ƙafarsa, a koya masa bin mutum da ragama. A zaɓi kalmomi kaɗan, "tafi", "tsaya", "baya", kada a sauya su, kuma "tsaya" ita ce gaba da kowacce. Dabbar da ba ta tsayawa da murya ba ta isa a ɗaura mata komai ba. Bayan nan a sa masa ɗamara ya yi ta yawo da ita ba kaya. Sai mai horo ya koma bayansa yana tafe a ƙasa, yana juya shi da igiyoyin ragama, wani kuma yana gaba yana riƙe da shi. Sai a bar shi ya ja ɗan abu mara nauyi, kamar kara ko gora, don ya saba da jin ƙara tana bin sa. Sai a tura keke a gefensa ya gan shi, ya sansana shi. Sai a shigar da shi tsakanin hannuwan keken ba tare da an ɗaure ba, ta yadda in ya tsorata za a saki nan take. Kowane mataki kwanaki ne ko makonni, kowane zama kuma minti 10 zuwa 15 ya isa, domin akuya saurin gundura gare ta. Cikakken kaya kuwa sai ya shekara biyu zuwa uku, lokacin da ƙasusuwansa suka yi ƙwari. Wanda aka ɗora wa nauyi yana ɗan wata takwas, gaɓoɓinsa ne za su biya bashin.

Bulala ba ta aiki a nan. Jaki kan jure duka ya ci gaba da tafiya, abin da ma bai kamata a yi masa ba. Akuya kuwa in ka doke ta sai ta kwanta, ko ta riƙe abin a ranta, gobe tana ganin ɗamara ta gudu. Ɗan ƙwayar gyaɗa ko wake a tafin hannu ya fi sanda goma. In taure da ya saba aiki ya kwanta a hanya, ba taurin kai ba ne, a duba: ko kaya sun yi yawa, ko ɗamara ta ci masa fata, ko tsakuwa ta shiga tsakanin kofato. A tuna kuma da raƙumin nan da ya zo a hadisi, wanda ya kai ƙarar mai shi wurin Manzon Allah (SAW) saboda yunwa da yawan aiki, aka kuma ja wa mai shi kunne. Dokar Najeriya ma, ta Arewa da ta Kudu, ta sa ɗora wa dabba kayan da suka fi ƙarfinta cikin laifuffukan da ake hukuntawa, ko da yake ba kasafai ake kai kowa kotu a kai ba.

Ga iyaye: ko taure ya ƙware, babba ya riƙe ragama duk lokacin da yaro yake cikin keke. Kare ɗaya ya isa ya watsa horon shekara guda, haka hon ɗin babur ko leda da iska ta ɗebo. A nisanci kwalta. A kuma lura da ƙaho, domin tsayinsa daidai idon ƙaramin yaro yake.

Masu kiwon da suka fara shigo da awakin Boer da na Kalahari da makamantansu, su ne kaɗai a wajenmu suke da dabbar da girmanta ya kai a yi wannan magana, ko da yake ban ga mai hankalin da zai sa bunsurun da ya saya da tsada don iri ya ja itace ba. In an samu taure daga barbarar irin waɗannan ana son gwadawa, a yi aiki da sassafe ko da la'asar sakaliya, ban da tsakar ranar bazara. Dabbar da ta buɗe baki tana haki ta riga ta yi zafi, a kwance ta, a kai ta inuwa, a ba ta ruwa. Kada a ɗaura mata keke tana gama cika tumbi, a bar ta ta yi tuƙa. A riƙa yanke kofato kamar kowane wata biyu.

Akwai kuma ciwon da ya fi kama taure, wanda masu kiwo da yawa ba su san sunansa ba sai ya kashe musu dabba: tsakuwar mafitsara. Hanyar fitsarin bunsuru siririya ce, doguwa, mai lanƙwasa, wanda aka dandaƙe da wuri kuma tasa takan fi ƙanƙanta, shi ya sa masu tauren aiki suke jinkirta dandaƙa har ya yi wata uku zuwa shida. Mai dabba yakan ce tunda tana aiki bari ya ƙara mata dusa da hatsi, alhali su ne suke da yawan sinadarin fosfaras da ke taruwa ya zama tsakuwa. Abincinsa ya zama ciyawa da ganye da harawa, dusa kaɗan, gishirin lasa a kusa, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke. In ka ga taure yana miƙe jiki yana nishi, yana kaɗa jela, yana kuka, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan ko ba ya fita sam, kada ka ɗauka kumburin ciki ne ka tsaya ɗura masa man gyaɗa. A nemi likitan dabbobi a ranar, domin mafitsara na iya fashewa cikin kwana ɗaya ko biyu.